Haɗin fai a kwalba: ki bar kaurin sai ranar ci



Makon jiya wata 'yar'uwa daga Zariya ta turo min bidiyo haɗe da tambaya. A cikin bidiyon wata Ba'amurkiya ce ta buɗe ɗakin ajiyarta, ga kwalabe nan jere reras daga ƙasa har sama. Ta ɗauko ɗaya ta ɓalle murfin, ta juye dafaffiyar tuffa mai kauri kamar zuma a kan kwaɓin fulawa, ta tura cikin obin, kafin a gama shirya tebur fai ya fito. 'Yar'uwar tamu ta rubuta a ƙasa: "Sista, ni ma zan iya yin irin wannan da mangwaro da kon fulawa? Wutar unguwarmu ba ta daɗewar da firiza za ta yi ƙanƙara."

Za ki iya adana 'ya'yan itace a kwalba su yi watanni ba tare da firij ba, ki riƙa yi wa iyali fai a duk ranar da kika ga dama. Amma kon fulawa ba za ta shiga kwalbar ba, kuma mangwaron da ya nuna luɓus ba shi ne za ki fara da shi ba. Na san haka ta hanya biyu: abin da na karanta a makarantar koyon jinya, da abin da ya same ni a kicin ɗina.

Shekara huɗu da suka wuce, lokacin da mangwaro ya cika gari, maigida ya dawo daga tafiya da kwando guda. Muka sha, muka raba wa maƙwabta, duk da haka rabi ya rage yana neman lalacewa. Sai dabara ta faɗo min. Na fere, na yanka, na dafa da sukari, na dama kon fulawa na zuba har ya yi kauri yana sheƙi. Na ɗura shi da zafinsa a tsofaffin kwalaben mayonis guda bakwai, na murɗa murafensu, na kifa su a kan tawul kamar yadda na gani a wani bidiyo. Da safe na jera su a kabad ina jin kaina wata gwana. Ranar kwana na tara na dawo daga aikin dare, na shiga kicin zan ɗora ruwan shayi, sai na ji wata 'yar ƙara siririya, tsiii, daga cikin kabad. Murfin kwalba ɗaya ya kumbura, wani ruwa mai kumfa yana bin gefenta, abin da ke ciki ya rabu biyu, gudaji a sama, tsararo a ƙasa.

Asarar sukari da gas ba ta dame ni ba kamar sauran kwalabe shidan, waɗanda a ido lafiyarsu ƙalau. A lokacin 'yata tana da shekara uku, kullum sai ta nuna kabad ɗin ta ce a ba ta "mangwaron Mama". Da wadda ta yi kumfa ba ta tona asiri ba, da a ƙarshen makon nan na buɗe ɗaya daga cikin masu kyan ganin na ɗibar mata da cokali. Duk bakwai ɗin na zubar. Daga nan na zauna na nemi yadda masu abin suke yinsa.

Da farko, ga wadda kalmar ta zo mata baƙuwa: fai ɗin da ake magana ɗan'uwan mit-fai ne da muka sani. Kwaɓin kusan ɗaya ne, sai dai maimakon nama da dankali, 'ya'yan itace ne dafaffu da sukari da kayan ƙamshi a ciki, kuma akan gasa shi babba a faranti a yanka. Adana abinci a kwalba kuwa ya haura shekara 200. Wani Bafaranshe mai sana'ar kayan zaƙi, Nicolas Appert, shi ya gano cewa idan aka toshe abinci a kwalba aka dafa kwalbar cikin ruwa yakan daɗe bai lalace ba, ya kuma wallafa hanyar a 1810. A Amurka, John Landis Mason ya yi rajistar kwalba mai murfin murɗawa a 1858, shi ya sa har yau ake kiran irin kwalaben da sunansa. Su abin ya zame musu dole ne saboda hunturu: gona takan ba da komai cikin 'yan watanni, sannan ƙanƙara ta rufe ƙasa. Mu kuma rana muka samu, shi ya sa kakanninmu suka ƙware a shanya, kauɗar tumatir, busasshiyar kuɓewa, kilishi. Dafa kwalba ba gadonmu ba ne, babu wata kaka a gida da za ta tsaya a kanki ta ce "ba haka ake yi ba". Don haka ni na dogara ne da littafin da ma'aikatar noma ta Amurka ta fitar kan adana abinci a gida, wanda aka gwada kowane awo da kowane minti da ke cikinsa a ɗakin bincike. Duk lissafin da zan ba ki a ƙasa daga can yake.

Me ya sa ake tsananta wa abin haka? Saboda wata ƙwayar cuta mai suna Clostridium botulinum. Tana nan a ƙasa da ƙura, a jikin kayan lambu da 'ya'yan itace, muna haɗuwa da ita kullum ba ta yi mana komai, don takan naɗe kanta cikin wani ƙoƙo mai tauri ta yi barci. Tafasar ruwa ta yau da kullum ba ta kashe ta tana cikin wannan ƙoƙon. Abu uku take jira ta farka: danshi, wurin da babu iska, da abincin da ba shi da tsami. Kwalba rufaffiya ta riga ta ba ta biyu. Idan ta samu na ukun sai ta farka ta saki guba, wadda tana cikin mafiya ƙarfin guba da aka sani a duniya. Abin tsoron shi ne ba lallai abincin ya yi wari ko ya canja launi ba.

Alamominta ba irin na gurɓataccen abinci da muka saba gani a asibiti ba ne, amai da gudawa a ɗaura ruwa a sallami mutum. Wannan jijiyoyi take kamawa. Galibi tsakanin awa 12 zuwa 36 bayan cin abincin, mutum ya fara ganin abu bibbiyu, fatar idonsa ta yi nauyi ta sauko, magana ta harɗe, haɗiya ta gagara, baki ya bushe. Kasalar takan fara daga kai ta gangaro ƙasa, idan ta iso tsokar numfashi sai an sa wa mutum na'ura. Ga wadda ta san yadda samun gadon da ke da wannan na'urar yake a garuruwanmu, ba sai na ƙara bayani ba. Duk wanda ya ci abin kwalba ko na gwangwani ya fara ganin bibbiyu, ba batun jiƙo ba ne, ba batun a bari gari ya waye ba ne. A tafi babban asibiti, a riƙe sauran abincin a nuna. (Wannan ƙwayar dai ita ce dalilin da muke hana ba wa jaririn da bai cika shekara ɗaya ba zuma, ko da ɗigo ne a baki ranar haihuwa. Na san kakanni ba sa son jin wannan, amma haka abin yake.)

Makamin da muke da shi a gida shi ne tsami. Akwai ma'aunin tsami da ake kira pH, lambar tana raguwa tsamin yana ƙaruwa. Daga 4.6 zuwa ƙasa wannan ƙwayar ba ta iya farkawa. To abincin da tsaminsa ya kai nan, dafa kwalbarsa cikin tafasasshen ruwa ya isa ya kashe sauran masu ɓata abinci, irin su fumfuna da yis. Wanda bai kai ba, kamar nama, wake, masara, kabewa, yana buƙatar zafin da ya kai kusan digiri 116, wanda sai da wata tukunyar matsi ta musamman ake samu. Tuffa da abarba da sitiroberi suna ɓangaren masu tsami. Ayaba, gwanda da kankana ba sa ciki, kada ma ki gwada. Mangwaro kuwa ɗan tsakiya ne: ɗanye yana da tsami sosai, amma yana nuna tsamin yana guduwa, wanda ya nuna luɓus yakan tsallake iyakar. Harshenki ba zai iya gaya miki inda ya tsaya ba, balle idan kin zuba sukari. Mangwaronki nunanne ki yanka ki shanya, ko ki sa a firizar 'yar'uwar da ke da sola.

Sai maganar kauri, wadda ita ce kuskurena na biyu. Idan kwalba tana cikin tafasasshen ruwa, zafi yana shiga ne daga gefe yana neman tsakiya. In abin da ke ciki tsararo ne, ruwan yana juyawa yana kai zafin ko'ina. In kin kaurara shi da kon fulawa ko fulawa ko sitacin rogo, kin mayar da shi kamar tuwo: gefe ya dahu, tsakiya ba ta ji wuta yadda ya kamata ba. Ki tuna malmalar tuwon da kika ɗumama, waje na ƙuna ciki da sanyi. Ban da haka, kon fulawa ba ta jure dafuwa sau biyu da dogon zama, takan tsinke ta yi gudaji, daidai abin da na gani a kabad ɗina. Abin da matar cikin bidiyon ta yi amfani da shi wani sitacin masara ne da aka sarrafa musamman, sunansa Clear Jel. Shi yana zama da ɗan ruwa-ruwa muddin yana da zafi, sai ya huce yake kamawa. Shi kaɗai littafin ya amince a sa a haɗin fai na kwalba. A shagunan kayan kek na unguwa ba kasafai za ki same shi ba, kuma kada wani mai shago ya miƙo miki kastad ko wani farin gari ya ce ai duk ɗaya ne.

Mafita mai sauƙi, wadda ni nake bi: ki adana 'ya'yan itacen cikin ruwan sukari tsararo, ranar da za ki yi fai ki buɗe ki kaurara. Minti biyar ne aikin. Kuma abin da na fi so a fara da shi abarba ce, don tana da tsamin da ake buƙata ba sai an ƙara mata komai ba, ga ta a 'Yan Lemo da bakin kowace kasuwa, ga araha idan motocin kudu suka sauke da yawa.

Ki zaɓi abarba nunanniya amma mai ƙarfi, wadda ba ta fara tsamin giya a gindi ba. Kwalbar lita ɗaya tana cin abarba kusan kilo ɗaya da rabi kafin fira. Ki wanke bayanta, ki fere, ki ƙwaƙule idanun, ki cire zuciyar nan mai tauri, ki yanka gutsi-gutsi daidai cokali. Ruwan sukari mara nauyi shi ne kofi 9 na ruwa da kofi 2 da kwata na sukari, ya isa kwalba bakwai masu lita ɗaya. Kofin awo nake nufi, ba gwangwanin madara ba. Ki sani sukarin nan don ɗanɗano da launi da riƙe jikin abarbar ake sa shi, ba shi ke kare ta daga lalacewa ba. In akwai mai ciwon sukari a gidan, za ki iya amfani da ruwa zalla ko ruwan abarbar kanta, lokacin dafuwa bai canja ba. Ki tafasa ruwan, ki zuba abarbar, ki rage wuta ta yi minti 10 tana ɓararraka a hankali.

Kafin nan kin riga kin wanke kwalabe da sabulu kin bar su cikin ruwan zafi, don kwalba mai sanyi in ta haɗu da abu mai zafi fashewa take yi. Ki shafa yatsa a bakin kowace ɗaya, wadda ta ɗan gutsire ki ware ta ki zuba yaji a ciki. Murfi kuwa sabo ake so kowane lokaci. Wanda aka gwada lissafin da shi mai kashi biyu ne, faifan ƙarfe mai roba a gefe da zoben da ke danne shi. Zoben za ki yi ta maimaita shi, faifan sau ɗaya ne. Na san tambayar da ke zuwa: kwalbar mayonis fa? Gilashin kansa yana iya yi wa abu mai tsami in kin sami sabon murfin da ya zauna a bakinsa daram, sai dai ki sa ran wasu za su ƙi kamawa, wasu su tsage a tukunya. Tsohon murfinta dai a'a. Robar cikinsa ta riga ta lotse tun ranar da kamfani ya rufe ta.

Ki ɗura abarbar da zafinta, ki bi ta da ruwan da aka dafa ta, ki bar sarari kamar santimita ɗaya da 'yan kai tsakanin ruwan da bakin kwalba, wato kwatankwacin faɗin farcen babban yatsanki. Ki zura cokalin roba ko tsinken katako ta gefe ki fitar da iskar da ta maƙale, in ruwan ya sauka ki ƙara. Ki goge bakin da tsumma mai tsabta, don ɗigon sukari ɗaya yana hana murfi kamawa. Ki ɗora murfi ki murɗa zoben da ƙarfin yatsu kawai, ba da ƙarfin damtse ba, iska na buƙatar hanyar fita yayin dafuwa.

Tukunyar da za ki dafa kwalaben ita ce babbar nan ta tuwon suna, muddin zurfinta ya isa ruwa ya haura kan murafe da santimita 3 zuwa 5 kuma da sauran wurin tafasa. Kada kwalba ta zauna a kan gindin tukunya kai tsaye. Ki sa ragar gashi ko tawul a ninke a ƙasa. Ki jera kwalaben a tsaye cikin ruwa mai zafi, ki rufe, ki ƙara wuta. Ba a fara ƙirga lokaci sai ruwan ya tafasa sosai yana tsalle. In gas ya ƙare a tsakiya ko garwashi ya yi sanyi tafasar ta tsaya, ba ci gaba za ki yi daga inda kika tsaya ba, sabon ƙirge za ki fara bayan ta dawo. Saboda haka ki duba tukunyar gas ɗinki tun kafin ki fere abarba ta farko, ki kuma ajiye butar ruwan zafi a gefe don ƙari.

Minti nawa? Ya danganta da garinku, kuma wannan shi ne abin da bidiyoyi ba sa faɗa. Gari yana ƙara tudu, ruwa yana tafasa da ƙarancin zafi. A Legas digiri 100 ne, a Jos da ke sama da teku da kusan mita 1,200 ruwa yana tafasa ne a wajen digiri 96, don haka dole a ƙara lokaci. A garuruwan da ba su kai mita 300 ba, kamar Legas ko Yamai, kwalbar rabin lita minti 15 ce, ta lita ɗaya minti 20. Daga mita 300 zuwa 900, inda Kano, Zariya, Katsina, Maraɗi da Damagaram suka faɗa, rabin lita minti 20, lita ɗaya minti 25. Matan Jos kuwa rabin lita minti 20, lita ɗaya minti 30. In kina shakkar inda garinku ya faɗa, ki ɗauki mai tsawon.

Lokaci na cika ki kashe wuta, ki buɗe murfin tukunya, ki jira minti 5. Sannan ki ciro su a tsaye, kada ki karkata don zubar da ruwan da ke saman murfi, zai bushe da kansa. Ki jera a kan tawul nesa da fanka da taga, ki bar su awa 12 zuwa 24 ba taɓawa, ba ƙara murɗa zobe, ba kifawa. Za ki riƙa jin "ƙwas" jefi-jefi, murafe ne suke kamawa, kuma wallahi akwai daɗin ji. Washegari ki danna tsakiyar kowane murfi. Wanda ya lotsa ciki bai motsa ba ya kama. Wanda ya yi sama da ƙasa a ƙarƙashin yatsanki bai kama ba, ki sa a firij a cinye cikin 'yan kwanaki, in babu wuta a yi fai da shi a ranar. Ki cire zoben, ki goge kwalaben, ki rubuta kwanan wata a jiki.

Ga wadda ta samu Clear Jel na ainihi, irin wanda ake dafawa ba mai kamawa nan take ba, kuma take son na tuffa sak irin na bidiyo, ga awon kwalbar lita ɗaya: yankakkiyar tuffa kofi 3 da rabi wadda aka tsoma a tafasasshen ruwa minti ɗaya, sukari kofi ɗaya saura babban cokali biyu, Clear Jel kwatan kofi, kirfa rabin ƙaramin cokali, ruwan sanyi rabin kofi, ruwan tuffa kashi uku cikin huɗu na kofi, da ruwan lemun tsami na kwalba babban cokali 2. A dafa komai ban da tuffar da lemun har ya yi kauri ya fara tafasa, a zuba lemun a ba shi minti ɗaya, a juye tuffar a ɗura nan take. Sararin sama a nan santimita 2 da rabi ne don yana kumbura, dafuwa kuma minti 25 a Legas, 30 a Kano, 35 a Jos. Sukari da kirfa ki rage yadda kike so, lemun tsamin ne ba a taɓawa. Ana cewa na kwalba saboda an daidaita tsaminsa a kamfani, na bishiya kuwa wani ya fi wani. Gaskiya dai da tsadar tuffa a kasuwanninmu, ni ban ga ribar adana ta ba, sai dai don sha'awa.

Akwai wani abu da littafin Amurkawa ya faɗa a layi ɗaya ya wuce, mu kuwa shi ne babbar matsalarmu: wurin ajiya. Sun ce a ajiye a wuri mai duhu, busasshe, mai sanyin digiri 10 zuwa 21, kada a bari ya wuce 35, a kuma cinye cikin shekara. To a watan Afrilu a Kano ko Sakkwato zafin waje kan haura 40, kicin mai rufin kwano ya fi haka. Zafi yana sa abarbar ta yi duhu ta saki jiki, ɗanɗanon ya dushe, yana kuma raunana kamun murfi. Kada ki jera su a kantar kicin don ado, komai kyan da suke yi a hoto. Ki nemi ɗakin da ya fi sanyi a gidan, ki sa su a kwali a ƙasa, ƙarƙashin gado ma ya yi. Ni nakan yi nawa ne idan sanyin hunturu ya shigo, in lissafa yadda za su ƙare kafin bazara ta yi tsanani. Wata uku zuwa huɗu nake ba su, ba shekara ba.

Kafin ki buɗe kowace kwalba ki ɗaga ta ki duba. Murfi ya kumbura ko ya saki, ruwa ya tsiyaya ya bushe a gefe, kumfa tana tasowa daga ƙasa, ruwan ya yi dishi-dishi, ko kin buɗe ta yi tsartuwa ko wari ko ga fumfuna: zubarwa za ki yi. Ba a ɗanɗanawa don a tabbatar, ba a kwashe saman a ci ƙasan, ba a ba kaji ko awaki. Ki ƙulle a leda ki jefar inda yara da dabbobi ba za su kai ba, ki wanke hannu da wurin.

Yanzu ɓangaren daɗin. Baƙi sun yi waya suna hanya, ko yara sun dawo daga Islamiyya suna kewaya kicin. Ki buɗe kwalbar lita ɗaya, ki tace ruwan a ƙaramar tukunya. Ki ɗebi kaɗan ki dama babban cokali 2 zuwa 3 na kon fulawa a ciki, ki mayar, ki ɗora a wuta kina juyawa har ya yi kauri ya washe. Nan ne wurin kirfa, ko 'yar citta, ko kanumfari ƙwaya biyu. Ki juye abarbar ki sauke ya sha iska. Kwaɓin kuwa fulawa giram 300, bota mai sanyi giram 150, ɗan gishiri, ki murtsuke da yatsu har ya zama kamar garin burodi, ki haɗa da ruwan sanyi babban cokali 4 ko 5. Ki raba biyu, ki murza ɗaya ki shimfiɗa a faranti, ki zuba haɗin, ki rufe da ɗayan, ki tsaga saman wuri uku don tururi, ki shafa ƙwai. Obin mai digiri 190, minti 35 zuwa 40, har ya yi ja. Wadda ba ta da obin, tukunyar yashin da kike gasa kek ɗin sallah za ta yi, sai dai ki yi su ƙanana kamar mit-fai, sun fi saurin gasuwa.

Ranar da na kwana a wurin aiki kuwa ko murjin ba na yi. Nakan murtsuke fulawa da bota da sukari in barbaɗa a kan haɗin in gasa haka nan, yarana sun ma fi son wannan. Wani lokaci in zuba shi da ɗuminsa a kan sinasir, ko a kan kastad, ko cikin yogot mai sanyi lokacin buɗa baki. Wadda ta taɓa zuba ɗanyar abarba a madara ta bar ta ta ɗan zauna ta san ɗacin da take kawowa. Wani sinadari ne a cikinta mai narka furotin, kuma dafuwa tana kashe shi, don haka ta kwalba ba ta yin haka. Abin da ya rage bayan an buɗe, na firij ne, a cinye cikin kwana uku ko huɗu.

Da yawanku za su ce ai mun daɗe muna dafa markaɗen tumatir mu ɗura a kwalba lokacin da kwando ya yi araha. Na sani, har a gidanmu ana yi. Tumatir yana bakin iyakar tsamin nan ne, shi ya sa ake ƙara masa ruwan lemun tsami na kwalba babban cokali 2 a kowace lita, kuma da zarar an markaɗa shi da tattasai da attaruhu da albasa lissafin ya canja gaba ɗaya, don su ba su da tsami. Wannan maganar za mu zauna a kanta mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Kafin nan, wadda ta san inda ake samun sababbin murafe masu kashi biyu a garinsu ta sanar da mu, don ita ce tambayar da 'yar'uwarmu ta Zariya ta sake turo min jiya da daddare.